Katin Ɗaurin Aure Bakin Iyaye Ne

Yau yaro da waya a hannunsa yana iya zama bayan sallar isha'i ya tsara katin aurensa da kansa, ya zaɓi launi, ya jera sunaye, kafin ya kwanta katin ya isa Legas da Jidda. Ni ban ga aibun wannan ba. Kuɗin da za a ba mai zane sun huta, a ƙara su a kan haya ko kayan abinci, kuma abin da mutum ya yi da hannunsa yana da wani daɗi na daban. Sai dai ina so ku lura da abin da ya faɗi a hanya, ku 'ya'yana da jikokina masu shirin aure. A da, kafin takarda ta fita sai ta bi ta hannun mutane: baffan da ya ba da sunaye, malamin makarantar da ya rubuta da biro, da mai ɗab'in da ya buga katin aure har ya haddace tsarinsa, wanda in ya ga an tsallake wani abu zai ɗaga kai ya ce, "Anya kuwa haka Alhaji ya ce a rubuta?" Yanzu duk waɗannan hannuwa sun koma babban yatsanka. In kuskure ya taso, babu mai tare shi sai kai.

Kafin kati ya shigo, goro ne ke gayyata. Kakanninmu sun yi fataucinsa tun daga Gwanja, kuma har gobe in ka je kasuwar Mariri a Kano za ka ga iyayen ango suna cinikinsa ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya goro ɗari. Muna yara mu ake aika da shi. A ƙulla biyu ko uku, wani lokaci da alawa, a ce ka kai gidan wane. In ka isa zaure ka yi sallama, ka cire takalmi, ka durƙusa, ka gaida mai gida har ya gama tambayar mutanen gidanku, sannan ka miƙa da hannu biyu ka ce Malam yana gaishe shi, ya ce a shaida masa ranar kaza za a ɗaura auren 'yarsa. Ba a taɓa aiko yaro ya ce ango ne ke gayyata ba. Ango a wannan lokaci yana can yana sunkuyar da kai, ko sunan amaryar ba ya iya faɗa a gaban manya. Kati wannan aiken ya gada. Duk wanda ya zauna tsara katinsa, to ya sani shi ɗan aike ne da magatakarda, masu magana su ne iyaye. In ka riƙe wannan, rabin ladubban da zan faɗa maka za ka gano su da kanka.

Saboda haka kada ka buɗe Canva ko Word tukuna. Fara da tabarmar mahaifinka. Ka je da takarda da biro, ka ce, "Baba, lokacin kati ya yi, yaya kake so a rubuta?" Ka rubuta abin da ya faɗa, ka karanta masa ya ji. Sannan a tura wani babba, ko kai da kanka in al'adar gidan ta yarda, zuwa wurin waliyyin amarya a yi masa wannan tambayar. Rana da wuri da lokaci nasu ne su yanke, domin a wurinsu ake neman aure, a ƙofarsu ko masallacinsu ake ɗaurawa. Na sha ganin ango ya buga ƙarfe sha ɗaya don ya dace da shagalin abokansa, alhali limamin unguwar amarya yana da wani ɗaurin auren a wannan lokacin, a wayi gari ana bin katin da biro ana gyarawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka kuma kada tawada ta taɓa takarda sai an gama abin da zai iya tsayar da auren. A Jihar Kano, tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila da ƙanjamau da ciwon hanta. Ko a inda babu doka, hankali ya wajabta. A yi gwajin, sakamako ya fito, a tsayar da maganar sadaki, manya su sa rana, sannan a yi maganar kati. Fasa aure kafin kati ciwo ne na gida biyu. Fasawa bayan kati ya zaga gari, yarinya ce ke kwana da tambayoyin mutane, kuma ita ce ba ta ji ba ta gani ba.

Tsarin kalmomin da muka saba da shi ba shi da tsawo, kuma ba a banza ya daɗe ba:

Iyalan Marigayi Malam Wane, Allah ya ji ƙansa, da iyalan Alhaji Wane, suna farin cikin gayyatar .......... zuwa ɗaurin auren 'ya'yansu, Wane da Wance, wanda za a yi in Allah ya yarda ranar kaza, da ƙarfe kaza, a wuri kaza. Wanda bai samu damar zuwa ba, muna roƙon ya sa su a addu'a. Allah ya ba da ikon halarta, amin.

Ku duba yadda aka ce "'ya'yansu", ba a raba an ce ɗan wannan da 'yar wancan ba. Tun a kan takarda an mai da gida biyu gida ɗaya. Ku duba kuma an ce "in Allah ya yarda". Na ga katunan zamani da suka zubar da wannan don wai layin ya yi tsawo, ya ɓata zanen fure. A rage furen. Tsakanin bugun kati da ranar aure akwai kwanaki, kuma babu wanda ya san abin da ke cikinsu sai Mai su.

Inda ake samun rigima shi ne layin farko, wato sunan wa za a sa. Nan nake so ku tsaya da ni, domin a nan na ga zumunci ya yi targaɗe. Akwai wani gida da na sani, mahaifin yarinya ya rasu tana goye, ƙaninsa ya ɗauke ta ya riƙe, ya yi mata makaranta, ya yi mata kayan ɗaki har da sayar da gonarsa. Angon ya tsara kati a wayarsa, ya rubuta iyalan marigayin kaɗai, don kuwa haka ya ga sunan yake a takardun makarantarta. Ba da mugunta ya yi ba, bai tambaya ba ne. Dattijon nan bai ce uffan ba. Ranar ɗaurin aure ya zo, ya nemi gefe can baya ya zauna kamar baƙo, da aka nemi waliyyi ya ce a tambayi masu kati. Sai da tsofaffi suka keɓe da shi suna ba shi haƙuri kafin ya taso ya ba da auren. An ɗaura, an shafa fatiha, amma yaron ya shiga gidan surukai da bashin da ya daɗe yana biya.

Dabarar da magabata suka yi wa wannan ita ce a hau sama. A maimakon sunan uba shi kaɗai, a rubuta sunan kaka, tushen gidan: iyalan Marigayi Alhaji Wane. Wannan suna ɗaya ya rufe baffanni da gwaggwanni duka, babu mai cewa an bar shi. In gidan yana da babba mai rai wanda kowa ke kai wa gaisuwa, a rubuta "a madadin iyalan Marigayi Wane, Alhaji Wane yana gayyatar". Yarinyar da aka riƙa kuwa, a layin sunanta a danganta ta ga mahaifinta na asali, domin Alƙur'ani a Suratul Ahzab, aya ta 5, ya yi umarni a kira 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu. Amma a layin masu gayyata, mariƙinta ya fito ƙarara, shi ya yi wahalar, shi ke da bakin kira. Kowa an ba shi haƙƙinsa ke nan. In iyaye sun rabu, yaro ya tashi a gidan kawunsa ko na mijin uwarsa, kada ka yanke hukunci kai kaɗai da dare. Ka kai maganar wurin tsohon da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, ya faɗa maka yadda za a jera.

Wane gida ne zai zo farko? Mafi yawan katunan da ke yawo suna fara da na ango. Wasu gidajen kuma suna fara da na amarya, tunda su ne masu masauki. Babu wanda ya yi saɓo a ciki. Ra'ayina, in ɓangaren ango ne ke bugawa, kuma mahaifin amarya ya girmi naka ko malami ne ko mai riƙe da sarauta, ka gabatar da shi. Kara ce, kuma mahaifinka in mai dattako ne shi zai fara ce maka ka yi hakan.

Sai laƙabi da muƙami. Kada ka yi wa mutum kyautar Alhaji bai je ba, ka sa shi jin kunya a gaban waɗanda suka sani. Kada kuma ka cire wa wanda ya je. Mai sarauta a rubuta sarautarsa daidai, da garin da aka naɗa shi, don Wakili ko Sarkin Fada ba ɗaya ba ne a ƙasar Hausa. "Mai Martaba" na sarakunan yanka ne, ba a ara wa hakimi ko attajiri don a faranta masa, sai ma ka jawo masa magana. Wanda ya rasu a sa masa Marigayi ko Marigayiya, a bi da addu'a. Kai kuma ango, wani abu ne ke sosa mini rai: in ga kati, mahaifi yana tsaye da "Malam" ɗinsa tilo, ɗan kuwa ya jero Injiniya da Kwamared da Honorabul, har da haruffan digiri a wutsiya. Da guminsa ka samo su. Ranar aure ba ranar neman aiki ba ce, ka bar sunanka yadda ya raɗa maka ranar suna. In likita ne kai ko lauya, kuma iyayen da kansu suka ce a sa, to a sa ɗaya ya wadatar.

Amma akwai ƙarin da nake goyon baya. Da yawa daga 'ya'yanmu an sa musu sunan kaka, don haka gida ba ya iya kiran sunan, sai Ummi, Walida, Hajiya, Abba, Halifa. Gwaggo da ke ƙauye tana iya karɓar kati ta ji sunan yanka ta rasa wacece, alhali ita ta yi wa yarinyar wankan jego da uwarta. A rubuta sunan yanka cikakke, a sa na gida a ƙarƙashinsa da ƙananan haruffa. Sunan da ƙawaye suka laƙa a makaranta ko wanda ake amfani da shi a Facebook, wannan ya tsaya a can.

Rana da lokaci da wuri su ne dalilin buga katin, kuma abin mamaki su ake yi wa riƙon sakainar kashi. Ka buɗe kalanda ka tabbata ranar da ka rubuta ta dace da kwanan watan, don an sha buga Asabar alhali kwanan watan na Lahadi ne, rabin jama'a su bi suna, rabi su bi lamba. Sa kwanan watan Musulunci abu ne mai kyau, ina son ganinsa. Sai dai ka tuna farkon wata yana jiran ganin jinjiri da sanarwar Fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato, don haka in ka buga kafin watan ya kama, yana iya gocewa da kwana ɗaya. Ka sa sunan ranar da manyan haruffa, shi ne alƙali. Kada ka tsaya a "bayan sallar Juma'a". A birni ɗaya wani masallacin ya idar tun kafin ƙarfe ɗaya, wani sai bayan biyu. Na ga mutane sun taso tun daga Zariya, suka tsaya suka yi Juma'a a hanya, suka iso ana naɗe tabarmi. A faɗi masallacin, a faɗi ƙarfe nawa ake tayar da salla. In Kano ne kuma ranar ta faɗo Asabar ɗin ƙarshen wata, ka tuna da tsaftar muhalli da ke tsare mutane a gida da safe har ƙarfe goma, kada ka sa ɗaurin aure a lokacin da baƙi ba su da hanyar fitowa. Kuma lokacin da aka rubuta a cika shi. Wasu limaman ba sa jiran kowa, ni kuwa ina yaba musu, domin wanda ya bar kasuwarsa ya zo a kan lokaci shi ya fi cancanta a girmama.

Kwatance a yi shi don baƙon da bai taɓa shiga unguwar ba. "Ƙofar gidan Alhaji Wane" ya ishi maƙwabci, bai ishi wanda ya sauka a tasha ba. A faɗi unguwa, layi, da wata alama da ɗan adaidaita sahu zai gane: masallaci, makaranta, gidan mai, asibiti. Lambobin wayar da ake sawa a ƙasa, a zaɓi mutum biyu ko uku waɗanda suka san hanya, masu ɗaga waya, kuma a nemi izininsu. Ba wurin jera abokai goma ba ne don kada wani ya yi fushi. Kada a sa lambar ango, ranar ba shi da kansa. Lambar amarya kuwa ko kusa, kati yana shiga hannun da ba ka zata ba.

Akwai maganar ayoyi. Mutane suna son buɗe kati da Bisimilla cikin rubutun Larabci, su bi da aya ta 21 ta Suratur Rum, wadda ke magana a kan natsuwa da ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata. Niyyar tana da kyau. Amma ku bi katin da ido bayan an watse. Yana ƙasa ana takawa, yana cikin kwata, yara sun yi jirgi da shi, mai gyaɗa ta ƙulla ciniki a ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar masallaci bayan ɗaurin aure ya ga abin da nake faɗa. Shawarata, katin takarda da za a raba ɗaruruwa a bar ayar Alƙur'ani daga cikinsa, addu'a da Hausa ta wadatar. In zuciyarka ba ta yarda sai da ayar ba, ka kwafo ta daga Mus'hafi ingantacce, ka kai wa malami ya duba wasali da ɗigo bayan an tsara, domin wasu manhajojin suna wargaza haruffan Larabci ko su juya su baibai, mai tsarawa bai sani ba.

Da wane harshe za a rubuta? Da wanda mai karɓa ke ji. Abin takaici ne tsoho ya karɓi katin auren jikarsa sai ya nemi ɗan makaranta ya fassara masa. In kana da abokan aiki da ba sa jin Hausa, yi musu na Turanci, ai tsarawa a hannunka take, ba ta ƙara maka ko kwabo. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa Turancin Ingila bai amfane su da komai ba, Hausar ita ce ta haɗa mu. In ka rubuta Hausa, ka rubuta ta da ƙa'ida, da ƙ da ɗ da ɓ. Allon rubutun Gboard yana da Hausa. Sai dai yawancin haruffan ado masu lanƙwasa ba su san waɗannan baƙaƙe ba, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar sunan surukinka. Ka zaɓi rubutu mai sauƙi wanda mai tabarau zai karanta a hasken zaure, baƙi a kan fari ko a kan launi mai haske. Ruwan zinare a kan ruwan hoda yana da kyau a fuskar waya, a takarda kuwa sai an karkata shi ga rana.

Aikin bugawa ba shi da wuya. Takardar A4 ɗaya tana ba da kati biyu masu girman A5, ko huɗu masu girman A6, kuma na huɗun ya isa ɗaurin aure, yana shiga aljihun riga. Ka nemi takarda mai kauri. In firintar gida ce mai tawadar ruwa, ka sani gumi ko yayyafi yana narkar da rubutun, gara ka kai wurin masu firintar leza. Ka adana aikin a matsayin PDF kafin ka kai, don kada kwamfutarsu ta canza maka haruffa. Ka buga guda ɗaya tak, ka kai wa mahaifinka, ka kai wa waliyyin amarya, ka ba wani mai ido da bai taɓa ganin katin ba ya karanta da ƙarfi, sannan a buga sauran. Kuma in an buga, kason gidan amarya a fara kai musu, da yawa, kafin abokanka su ga ko guda.

Hoton ango da amarya a jikin katin ɗaurin aure, ni dai ban so. Ba a ɗaura ba tukuna, kuma katin zai shiga hannun limamai da abokan mahaifinta. Lambar asusun banki ma haka. Gudummawa al'adarmu ce, mai niyya ya san hanyar da zai bi, amma in ka buga lambar a ƙarƙashin sunan mahaifinka ka mai da gayyatarsa roƙo. Jerin manyan baƙi kuwa, uban taro da babban baƙo na musamman, kada ka rubuta sunan kowa sai an je an gaya masa ya amsa. Sa sunan gwamna ko sarki a katin da bai san da shi ba ƙarya ce a rubuce, kuma jama'a suna ganewa.

Ke kuma 'yata amarya, katin mata yawanci a hannunki da ƙawayenki yake: kamu, sa lalle, yini, walima, kai amarya. Duk abin da na faɗa wa ango ya hau kanki. Iyaye mata ne ke gayyata. Mahaifiyarki tana iya jin nauyin a ga sunanta, musamman in ke ce 'yar fari, sai ta ce a sa na abokiyar zamanta ko na gwaggonki. Ki bi abin da ta ce. In gidanku mata biyu ne ko uku, kada ki rubuta ɗaya ki bar saura, ki jera su bisa girmansu, uwargida a gaba, ko da ba ita ta haife ki ba. Za ki tafi gidanki, mahaifiyarki ce za ta ci gaba da zama da abin da katin ya haifar. Maganar anko, in za a ambata, a ƙara da cewa wadda ba ta samu ba ta zo da abin da take da shi. Akwai 'yar'uwar da za ta ƙi zuwa bikinki don ba ta da kuɗin atamfa, ta fake da ciwon kai, ke kuwa ba za ki taɓa sani ba. In an kama zauren taro mai ƙidayar kujeru, dole a taƙaita, na gane. A yi wa wannan ƙaramin kati na daban, a rubuta da laushi: "Muna neman afuwa, saboda ƙarancin wuri katin na mutum ɗaya ne." Wannan ya fi a buga "Banda gayyar soɗi" ko "Banda yara" da jan rubutu, kamar ana kora tun ba a zo ba. Ɗaurin aure da walima kuwa kada a sa musu ƙofa. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya kira abincin walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta da mafi sharrin abinci. In kana rubuta sunayen waɗanda za a kai wa kati, ka duba ko mai gadin layinku da mai kawo muku ruwa da malamin allon da ya koya maka alif suna ciki.

Mai ƙara aure, kai ma ga taka. Kada uwargidanka ta fara ganin katin a wayar maƙwabciya. Ka zaunar da ita ka gaya mata da bakinka, iyayenta su ji daga wurinka ko wurin magabatanka, a yi mata abin da al'ada ta tanada, sannan kati ya fita. Zafin kishi dabam, zafin wulaƙanci dabam, kuma na biyun kai ne ka jawo shi.

To an buga, saura rabo, kuma nan ne waya ta fi yi mana ɓarna. Tura kati ta WhatsApp ga abokai da na nesa babu laifi, ya ma fi sanarwar rediyo saurin isa. Amma ka rubuta sunan mutum da gaisuwa a sama, kada ka jefa hoto tsirara kamar tallan magani. Sa shi a sitatus sanarwa ce, wanda ya gani a can bai san ko ana nufinsa ba, kuma mai kunya ba zai zo ba. Hadisi ya lissafa amsa gayyata cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, ka ga ke nan in ka kira mutum da sunansa ka ɗora masa nauyi, ka kuma ba shi daraja. Layin ɗige-ɗigen nan da ke jikin kati don haka aka bar shi. Ka cike shi da biro da hannunka, da laƙabin mutum daidai.

Akwai kuma waɗanda ko katin takarda ba ya isar musu: kakanni, baffanni, kawunnai, gwaggwanni, limami, mai unguwa, aminan mahaifinka, maƙwabcin da katangarku ɗaya. Waɗannan zumunci a ƙafa yake. A je da kati da goro, ko dabino da alawa ga wanda ya daina cin goro, a durƙusa a faɗa da baki. Wasunsu ma ba kai za ka je ba, mahaifinka ne zai taka ko ya tura ƙaninsa, kai dai ka tuna masa, ka kawo abin hawa. Na nesa da ba a iya kai wa, a kira shi a waya a gaisa sosai, sannan kati ya biyo baya. A fara da manya kafin yara, kada baffa ya ji labarin auren daga bakin ɗansa da ya gani a intanet. Mako biyu kafin ranar ya isa ga na cikin gari. Na wata jiha ko wata ƙasa a ba su wata guda, su nemi izinin wurin aiki da kuɗin mota.

Ka riƙe jerin sunayen duk wanda aka kai wa, a littafi ko a waya. In wani abu ya gitta, rasuwa ko rashin lafiya ko sauyin wuri, da wannan jerin za a bi mutane ɗaya bayan ɗaya a shaida musu, kuma sanarwar ɗagewar ma da sunan iyaye za ta fita, da ban haƙuri, ba tare da dogon bayani ba. In wurin kaɗai aka sauya a ƙurarren lokaci, a tsayar da yaro biyu a tsohon wurin su riƙa nuna wa baƙi hanya. Bayan biki kuma da jerin nan za ka zaga ban gajiya, ka fara da waɗanda suka taso daga nesa.